Yadda Za Ka Gyara Tsawon Alƙawari a Kalandar Kwamfuta da Waya Ya Dace da Aikinka

Duk wanda ya buɗe Google Calendar ya danna wuri don ya rubuta alƙawari, awa ɗaya cur manhajar za ta ware masa. Outlook kuwa rabin awa take bayarwa. Waɗanda suka ƙera manhajojin ne suka zaɓi waɗannan alƙaluma, don dole a fara da wani abu. Ba su san ko kai likita ne a ƙaramin asibiti a Kubwa ba, ko lauya a Garki, ko sakatariyar wani darakta a ma'aikata, ko malamin jami'a mai duba aikin ɗaliban ajin ƙarshe. Riga ce da aka ɗinka ba tare da an auna ka ba. Mutane da yawa a ofisoshin Abuja haka suke ta fama: kullum su rubuta alƙawari, kullum su koma su gyara lokacin tashi da hannu, wasu kuma su bar shi yadda ya zo, kalanda ta nuna rana ta cika alhali rabinta fanko ne, ko ta nuna akwai sarari alhali mutane na zaune a benci suna jira tun hantsi. Gyaran ba ya cin minti biyar. Abin da ke buƙatar natsuwa shi ne sanin adadin da za ka sa.

Abubuwa uku ne a nan, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai tsawon da sabon alƙawari ke ɗauka da kansa idan ba ka taɓa komai ba. Akwai layukan da suka raba ranar a fuskar kwamfuta, ko duk rabin awa ko duk minti 15. Sannan akwai tazarar da kake bari tsakanin wannan baƙo da na bayansa. Kowanne da wurin gyaransa, kuma gyara ɗaya ba lallai ya gyara sauran ba.

Ka fara da awo

Kafin ka taɓa saituna, ɗauki mako guda kana rubuta lokacin da kowane baƙo ya shigo da lokacin da ya fita. Takarda da biro sun isa. Ka ƙirga daga sallama zuwa rufe ƙofa, domin gaisuwa tana cikin ganawar. Mutum ba zai shigo ofishinka ya faɗa kan magana kai tsaye ba; sai an tambayi gida da iyali da gajiya, in dattijo ne ma sai an ƙara da rakiya zuwa bakin ƙofa. Wanda ya ware minti 15 don "aikin kansa" ya manta da wannan, kullum zai riƙa makara, kuma zai fara jin gaisuwar tana damunsa, abin da bai kamata ya faru da kowa ba.

Idan mako ya cika, dubi alƙaluman. Kada ka ɗauki mafi gajarta, kada kuma ka ɗauki ta mutumin nan guda ɗaya da ya zauna awa biyu. Nemi adadin da ya ishi mafi yawan baƙinka, a ce takwas cikin goma.

Ga dalilin da ya sa minti biyar ba abin rainawa ba ne. A ce likita na ganin marasa lafiya daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, minti 240 ke nan. Idan kalanda ta raba su minti 15-15, mutum 16 za a rubuta. To amma in a zahiri kowa minti 20 yake ci, na biyu zai shiga da jinkirin minti 5, na bakwai da jinkirin rabin awa, na goma sha shida kuwa sai ya jira minti 75 bayan lokacin da aka ba shi, ga Azahar ta wuce ana ciki. In kuma aka bar shi a rabin awa, mutum 8 kaɗai za a gani, a mayar da huɗu gida ba gaira ba dalili. Minti 20 shi ne daidai: mutum 12, kowa a kan lokacinsa.

Wataƙila ka ga baƙinka kashi biyu ne, sabon zuwa mai buƙatar dogon bayani da wanda ya dawo karɓar sakamako ko sa hannu. Ka sa tsawon da ya fi yawan faruwa ya zama na dindindin, ɗayan ka riƙa gyara shi da hannu.

Google Calendar a kwamfuta

Buɗe kalandar a burauza, ka tabbatar kana cikin asusun da kake aiki da shi, domin da yawa muna da na ofis da na kanmu a kwamfuta ɗaya. A sama ta hannun dama akwai alama mai kama da ƙaramar taya mai haƙora. Danna ta, ka zaɓi "Settings". A jerin da ke gefen hagu, ƙarƙashin "General", nemi "Event settings". Abu na farko da za ka gani shi ne "Default duration". Danna shi, zaɓi zai fito: minti 15, 20, 30, 45, 60, 90 ko 120. Ɗauki wanda ya fi kusa da awonka. Babu maɓallin adanawa. Da ka zaɓa ya zauna. Koma kan kalandar ka danna wani wuri fanko don gwaji, za ka ga sabon alƙawarin ya fito da tsawon da ka sa.

A nan kusa akwai wani ɗan akwati mai suna "Speedy meetings". In ka sa masa alama, taron rabin awa zai koma minti 25, na awa ɗaya ya koma minti 50. Ni ina ganin duk wanda ganawarsa ke bin juna ya kamata ya kunna shi. Mintocin nan su ne na rubuta abin da aka cimma tun bai gushe daga kai ba, na shan ruwa, na kama ruwa, na ɗauko fayil ɗin mai shigowa.

Layukan ranar a Google awa-awa suke, ba a canza su. Idan ka ja alƙawari da linzamin kwamfuta, minti 15-15 yake tsallakawa. Wannan kan sa wasu su ɗauka ba za a iya sa ƙarfe 10:20 ba. Ana iyawa. Buɗe alƙawarin, danna kan lokacin farawa, goge abin da ke ciki, ka rubuta 10:20 da kanka, ka yi haka ga lokacin tashi.

A waya, ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung, manhajar Google Calendar ɗaya ce, in ba ta zo da wayar ba ana sauke ta daga Play Store. Taɓa layuka ukun nan na sama ta hagu, gangara ƙasa zuwa "Settings", shiga "General", sai "Default event duration". Za ta jero maka asusunka ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa zaɓin. Ko ka riga ka gyara a kwamfuta, leƙa nan ka tabbatar adadin ya yi daidai. Ka kuma lura, wasu wayoyin suna da tasu kalandar ta kamfani daban da ta Google, saitunanta ma daban.

Outlook: a nan aikin ya fi yawa

Da yawa daga cikin ma'aikatu, bankuna da ƙungiyoyin agaji da ke Abuja Outlook suke amfani da ita, kuma ta fi Google ba da dama a wannan fanni. Sai dai iri biyu ce yanzu: tsohuwar da aka saba da ita, mai "File" a kusurwar sama ta hagu, da sabuwar da ta yi kama da ta intanet. Dubi taka tukuna.

A tsohuwar, fara da layukan ranar. Shiga kalanda, ka tabbatar kana kallon rana guda ko mako, domin in kana kallon wata gaba ɗaya wannan zaɓin ba ya aiki. Danna "View" a sama, sai "Time Scale". Zaɓi shida ne: minti 60, 30, 15, 10, 6 da 5. Hanya mafi sauri ita ce ka kai linzami kan ginshiƙin awoyin da ke gefen hagu, ka danna maɓallin dama, jerin nan zai fito nan take.

Wanne za ka ɗauka? Wanda tsawon alƙawarinka zai rabu da shi ba saura. Mai ganawar minti 45 ya ɗauki 15, layi uku ke nan. Mai minti 20 ya ɗauki 10, tunda babu 20 a jerin, layi biyu-biyu zai riƙa ja. In ya ɗauki 15, alƙawuransa za su riƙa ƙarewa a tsakiyar layi, ido ya kasa gane inda sarari yake. Minti 6 ɗin nan da kan ba mutane mamaki, ɗaya bisa goma na awa ne, an sa shi ne saboda masu lissafin kuɗin aikinsu da awa, irin lauyoyi da akantoci: layi biyar rabin awa, layi goma awa guda. Minti 5 kuwa ban cika ba da shawararsa ba. Ranar za ta miƙe ta yi tsawon da fuskar kwamfuta ba za ta ɗauke ta ba, ka yi ta gangarawa kafin ka ga abin da ke gabanka da yamma. Sai dai ga mai aikin da ke tafiya minti-minti, kamar mai tsara shirye-shiryen rediyo.

A tsofaffin fitowa irin su Outlook 2010, 2013 da 2016, waɗanda har yanzu ake samu a kwamfutocin ofisoshi, wannan layin shi ne ke yanke tsawon sabon alƙawari: in ka danna layi sau biyu, alƙawarin zai fito da tsawon layin. Don haka mai irin wannan, da ya gyara layi ya gama.

Mai Outlook ɗin da ke cikin Microsoft 365 kuwa yana da ƙarin mataki. Danna "File", sai "Options" a ƙasa, sai "Calendar". Ƙarƙashin "Calendar options" akwai "Default duration for new appointments and meetings". Canza shi daga minti 30 zuwa abin da kake so. A ƙasansa akwai "Shorten appointments and meetings", takwaran "Speedy meetings" ɗin nan na Google, amma ya fi shi sassauci: kai za ka faɗi minti nawa za a rage wa taron da bai kai awa ba, nawa za a rage wa na awa ɗaya zuwa sama, sannan ka zaɓi ko a tashi da wuri ko a fara a makare. Kada ka manta da danna "OK", in ba haka ba duk abin da ka yi ya tafi.

Tsakanin tashi da wuri da farawa a makare, ga yadda nake gani. In taron intanet ne da abokan aiki, ɗaya na bin ɗaya, farawa a makare ya fi, domin taro ba ya tashi a kan lokacinsa, amma in an rubuta 11:05 kowa ya san yana da minti biyar na numfasawa. In kuwa baƙi ne masu takowa zuwa ofis, bar su a kan cikakken lokaci, ƙarfe 11 daidai, ka rage daga ƙarshe. Lokaci cikakke ya fi zama a kan mutum, ya fi kuma sauƙin faɗa a waya.

A sabuwar Outlook da ta intanet, "Time scale" yana nan ƙarƙashin "View" idan kana cikin kalanda. Rage tsawon taro kuma, danna alamar tayar nan ta sama, shiga "Calendar", sai "Events and invitations", ka sa alama a "Shorten duration for all events", ka adana. Idan kwamfutar ofis ce ka ga an riga an sa wani tsari, mai yiwuwa sashen kula da kwamfutoci ne ya sa wa ma'aikata duka. Yi musu magana kafin ka yi ta kokawa da shi.

Masu iPhone, kalandar wayar awa ɗaya take bayarwa, kuma minti biyar-biyar take juyawa wajen zaɓen lokaci. Abin da ta fi da shi shi ne "Travel Time" a cikin kowane alƙawari, inda za ka sa tsawon tafiya, ta toshe maka wannan lokacin kafin ganawar.

Sallah, hanya, da ranar Juma'a

Ko ka daidaita tsawon alƙawari yadda ya kamata, kalanda ba ta san da Azahar ba, ba ta san da La'asar ba. Kai za ka gaya mata. Rubuta alƙawari na minti 20 ko 30 a lokacin da ake tayar da sallah a masallacin da kake zuwa, ka sa ya riƙa maimaituwa kowace ranar aiki, ka bar shi a matsayin lokacin da ba ka samuwa, don abokan aikin da ke duba kalandarka kafin su kira taro su ga a rufe yake. Lokutan sallah suna ɗan motsawa cikin shekara, saboda haka ka riƙa waiwayarsa duk bayan 'yan watanni. Ranar Juma'a ka ware babban gurbi. Wanda zai je Masallacin Ƙasa daga Wuse ko Maitama ya san neman wurin ajiye mota da fitowa bayan an idar kaɗai abin lissafi ne. In akwai abokan aiki Kirista masu ibada a wani lokaci na mako, a yi musu irin wannan a kalandar ofis.

Tafiya ma haka. Alƙawarin ƙarfe 9 a Central Area ga mai tasowa daga Mararaba ko Nyanya, tun asuba ya fara. Wanda zai tari baƙo a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ta hanyar Lugbe, ba zai yiwu ya sa wata ganawa ta ƙare daf da lokacin saukar jirgi ba. A Google da Outlook, hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta tafiyar a matsayin alƙawari mai zaman kansa, kafin ganawar da bayanta, ka ba shi wani launi daban don ido ya bambance.

Idan mutane ne za su zaɓi lokaci da kansu

Google na da tsarin da zai ba ka shafi, ka tura adireshinsa ta WhatsApp ko imel, mutum ya shiga ya ɗauki gurbin da ya yi masa. A kwamfuta, danna "Create" a sama ta hagu, ka zaɓi "Appointment schedule". Wannan tsarin yana da nasa tsawon, bai damu da wanda ka sa a saituna ba. A "Appointment duration" za ka iya ɗaukar ɗaya daga cikin jerin ko ka rubuta naka, kamar minti 20 ko 25. A ƙasa sai ka sa ranaku da awoyin da kake karɓar mutane. Kowace rana tana karɓar kashi fiye da ɗaya, don haka kana iya sa 9:00 zuwa 1:00, sannan 2:30 zuwa 4:00, tsakiyar ta zama ta sallah da abinci, Juma'a kuma ka tsaya a safiya.

Gangara zuwa "Booked appointment settings". Nan ne "Buffer time" yake, wato tazarar da za a bari bayan kowace ganawa, da kuma iyakar mutanen da za a iya rubutawa a rana. Yi lissafin tare: ganawar minti 20 da tazarar minti 10, duk rabin awa mutum ɗaya ke nan. Akwai kuma inda za ka hana a ɗauki gurbi a ƙurarren lokaci, don kada wani ya rubuta kansa ƙarfe 9:50 ya ce yana da ganawa ƙarfe 10.

Abubuwan da kan ɓata gyaran

Tunatarwa ita ce ta farko. Outlook na buga ƙarar tunatarwa minti 15 kafin kowane alƙawari. In ganawarka minti 15-15 ce, ƙarar ta gaba za ta tashi daidai lokacin da baƙon yanzu yake zama. Mayar da ita minti 5, a wurin nan dai na "Calendar options". A Google, cikin saituna, danna sunan kalandarka a gefen hagu, ka gyara a "Event notifications".

Na biyu, agogon yanki. Kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Amurka ko Turai sukan zo da lokacin can. Wasu sai su juya agogon da hannu ya nuna daidai, su bar yankin yadda yake, daga nan duk gayyatar taro da suka tura sai ta isa da lokacin da ba shi ba. A Windows da Outlook zaɓi "West Central Africa", a Google kuma lokacin Legas. Duka awa ɗaya ne gaba da GMT. Najeriya ba ta juya agogo, amma Ingila na juyawa ranar Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Landan da na Abuja ɗaya ne, sauran watannin muna gabansu da awa guda. Taron mako-mako da wani ya kira daga can zai matsa da awa ɗaya a kalandarka sau biyu a shekara, ya iya hawa kan gurbin sallah ko kan wani baƙo. Makka kuwa kullum tana gabanmu da awa biyu. Manhajojin biyu duk suna ba da damar nuna agogon yanki na biyu a gefen naka.

Na uku ya shafi masu sakatare. Tsawon alƙawari na dindindin yana bin wanda ya rubuta alƙawarin ne, ba mai kalandar ba. In oga ya gyara nasa zuwa minti 20, amma sakatariyarsa ce ke rubuta masa baƙi daga tata kwamfutar, awa ɗaya ko rabin awa za su ci gaba da fitowa har sai an gyara a wajenta ita ma. A zauna tare a yi gyaran lokaci guda, kuma a ji ta bakinta kan adadin, domin ita ke ganin masu jira a waje, ta fi kowa sanin wanda ke daɗewa.

Sannan duk wannan gyara sababbin alƙawura kaɗai yake shafa. Waɗanda ka riga ka rubuta suna nan da tsawonsu na da. Na sau ɗaya, bar su su wuce. Masu maimaituwa, irin taron safiyar Litinin, buɗe kowanne ka gyara lokacin tashinsa. Manhajar za ta tambaye ka ko na ranar kaɗai kake nufi ko jerin gaba ɗaya. A Google zaɓi wannan da masu biyo baya, don tarihin waɗanda suka wuce ya zauna yadda yake. In akwai waɗanda ka gayyata, saƙon canji zai je musu, saboda haka ka sanar da su tun kafin su ga imel ɗin su ɗauka an ɗage taron. Bayan mako biyu, sake ɗauko takarda da biro ka yi awon kwana biyu ko uku. In har yanzu baƙon ƙarshe na safiya yana shiga a makare, ƙara minti biyar a kan tsawon ko a kan tazarar, ka sake gwadawa.